Tsagar da ke Bayan Katako

A bakin tekun nan, in ka ce kana neman Mai Wuƙa, ba wanda zai tambaye ka wacce. Mata goma sha huɗu ne ke gyaran kifi a rumfar, kowacce da wuƙarta, amma mutum ɗaya sunan ya kama. Za a nuna maka can ƙarshen rumfa, inda kwanon rufin ya ɗan lotsa, ka tarar da wata gajeruwar mace mai faɗin kafaɗa zaune a kan kujera 'yar tsugunne, katako a gabanta, daro biyu a gefenta. Bakinta na aiki, hannunta na aiki, kuma har yau ba a samu wanda ya iya faɗin wanne ya fi sauri ba.

A gidan da ke bayan rumfar aka haife ta. Mahaifiyarta ma gyaran kifi take yi, kuma kowa Tsohuwa yake ce mata tun ba ta yi furfura ba, saboda ba ta dariya sai da dalili. Tsohuwa ta haifi bakwai, biyu suka rayu, ta fari da na ƙarshe. Ta farin ita ce Mai Wuƙa. Na ƙarshen namiji ne, aka yi ta kiransa Auta har sunan yankansa ya ɓace. Shekara goma sha biyu ke tsakaninsu, kuma da yake hannun Tsohuwa ba ya rabuwa da ƙarni, a bayan yayarsa ya girma. Da shi a goye ta koyi kankare ɓawon kifi, da shi a goye ta fara yankewa a yatsa. Takan ce ba ta san ranar da zanenta ya taɓa bushewa ba a shekarun nan, in ba ruwan daro ba to fitsarin Auta ne.

Ta auri wani kafintan kwale-kwale, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Maƙwabta suka ce ai dole, gida ɗaya ba ya ɗaukar masu magana biyu. Sun yi shekara ashirin da shida kafin ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu da suka yi aure nesa da ruwa. In sun zo ganin gida sukan kawo mata sabulu mai ƙamshi, ita kuma ta karɓa ta gode ta ba maƙwabta, don ta ce tuni ita da sabulu suka yafe wa juna.

Amma ba gyaran kifi kaɗai ya sa ake ganin girmanta ba. Akwai wani aiki da ta gada wajen Tsohuwa, wanda masuntan wurin ke kira duba. In mutum ya saƙa sabuwar raga mai ido dabam da wanda aka saba, ba ya shiga ruwa da ita yadda ya ga dama. Zai jefa ta sau ɗaya, ya kawo kwando guda na abin da ta kamo, a taru a rumfa. Mai Wuƙa za ta tsinci ƙananan jan-baki guda goma, mata zalla, don ita tana gane macen kifi tun kafin ta sa wuƙa. Jan-baki shi ne kifin da garin ya dogara da shi. Sai ta farke su ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. In bakwai suna ɗauke da ƙwai, to kifin ya girma, ya isa haihuwa, raga ba ta cuci teku ba. Sai ta tsoma wuƙar a daro ta ɗauraye, shi ke nan an yarda. In kuwa ba su kai ba, sai ta ajiye wuƙar a kan katako ba ta wanke ba, mai raga ya je ya rataye kayarsa.

Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki, ba ta taɓa karɓar ko ƙwarar gishiri a kansa ba. Wani ya taɓa aiko mata da turmin atamfa ana gobe duba, ta sa aka mayar masa, ta kuma bi ɗan aiken da maganar da har yanzu ake maimaitawa in ana son dariya. Tana alfahari da wannan, ba ta kuma ɓoyewa. In ana gardama a kan wani abu dabam ma, sai ka ji ta ce ita wuƙarta ba ta taɓa yin ƙarya ba.

Wanda ya yi shekara hamsin yana buɗe cikin kifi ya san abin da ke faruwa a teku, ko da bai taɓa hawa kwale-kwale ba, kuma ita ba ta taɓa hawa ba, jiri yake sa ta. Tana yarinya akwai wani kifi da suke kira babban-kai, wanda sai maza biyu sun rataye shi a sanda suke iya kawo shi rumfa. In Tsohuwa ta farke shi, sai a tarar da jan-baki sukutum a cikinsa. In an farke jan-bakin kuma, a tarar da 'yan ƙananan kifaye masu sheƙi. Kowa da abin da yake ci, kowa da mai cinsa. Akwai wuƙa ta musamman don babban-kai, doguwa mai kaurin baya. Yau tana nan rataye a bangon ɗakin Mai Wuƙa, kuma aikinta na ƙarshe shi ne faskara icen girki.

Babban-kai bai yi sallama ba. Daga kullum ya koma mako-mako, daga nan sai a yi wata ba a gan shi ba, har aka wayi gari samarin da ke jan raga ba su san kamarsa ba. Da ya tafi, sai wani ɗan kifi da ake kira mai-ƙaya ya samu sarari. Da can kyanwoyi ake watsa wa shi, su ma sai sun ga dama. Yanzu da babu mai haɗiye shi a ruwa, shi ne rabin kowane kwando. Bayansa ƙaguwa ta yi yawa tana yayyage raga, sannan wani abu mai yauƙi, marar ƙashi marar ido, wanda in ya taɓa fatar mutum sai ya wuni yana susa, ya fara cika raga har a kasa janta. Jan-baki kuwa yana nan, amma kullum ƙara ƙanƙancewa yake yi.

Mai Wuƙa ta ga duk wannan, kuma ta san wanda za ta ɗora wa laifi. Manyan jiragen nan ne da ake hangowa can nesa kamar gidaje, masu share ƙasan teku ba su bar komai ba. Kowace safiya sai ta aika musu da rabonsu na zagi kafin ta fara aiki, kuma ba a ce ba ta da gaskiya ba. Su kuwa masuntan gida, da kifi ya ragu sai suka riƙa rage idon raga. Zamanin Tsohuwa yatsa huɗu ke shiga idon raga. Ya koma uku, ya koma biyu da rabi, ya koma biyu. Kowane sauyi sai da aka kawo mata kwando, kowane sauyi ta farke goma, ta ga ƙwai, ta ɗauraye wuƙa. Har takan kafa hujja da shi ta ce teku lafiyarta lau, ga 'ya'yanta nan suna ta haihuwa.

Auta ma masunci ne. Ya haura hamsin, gemunsa ya yi fari, yana da baki tara a gida, amma har yanzu yayarsa na yi masa faɗa a gaban mutane in ya fito da riga a yage. Tun ranar da ya fara shiga ruwa, kifin farko da ya ciro kowace safiya nata ne. Zai zo ya ɗora mata a kan katako ya wuce ba tare da ya ce uffan ba, ita kuma ta bi shi da cewa ladan goyo ne, kuma har yanzu bai biya rabi ba. Da wannan kifin take karya kumallo. In ka cire 'yan kwanakin da ya yi jinya, ba a taɓa fashi ba.

A shekarar da nake ba da labarinta, ragar yatsa biyu ta fara dawowa rabi ba komai, rabi yauƙi. Da iska ta hana shiga ruwa, Auta ya zauna wata uku cur yana saƙa sabuwa, mai idon da yatsa ɗaya ne ke shiga da ɗan sarari. Ƙaramin ido cin zare gare shi da cin ido, shi kuwa ganinsa ya fara rauni, da tabarau mai karyayyen hannu da ya ɗaure da zare yake aikin. Da ya gama ya ce wa yayarsa ranar Asabar zai kawo kwando. Ta ce ya kawo mana, amma ya sani wuƙa ba ta san ƙane ba. Ya yi dariya, don shi da ita duk sun san za a ga ƙwai. Kullum ana gani.

Ranar Laraba katakonta ya ishe ta. Tsakiyarsa ya rame ya zama kwari saboda shekaru, ruwa na taruwa a ciki, kifi na sulluɓewa, har ta kusa datse yatsa. Ta ce bari ta juya shi. Ɗaya fuskar ta Tsohuwa ce. A makon da Tsohuwa ta rasu Mai Wuƙa ta kife shi, don ba ta iya kallon sawun wuƙar mahaifiyarta, kuma tun daga ranar ba ta ƙara ɗagawa ba. Ta kira matan kusa suka kama mata, ta sa soso da yashi ta dirje baƙin da ya manne.

Da itacen ya fito fes, sai ga kan ƙusa a gefe ɗaya, ga kuma wata tsaga mai zurfi a ɗaya gefen, wadda aka yi da gangan. Ta tsaya tana kallo, sai abin ya dawo mata. Ranar da aiki ya yi yawa, Tsohuwa ba ta ɓata lokacin farkewa. Takan sa bakin jan-baki a jikin ƙusa, in wutsiya ta taɓa tsagar to akwai ƙwai, in ba ta kai ba to yaro ne, babu komai a cikinsa. Da kanta ta yi tsagar bayan ta farke ɗaruruwa ta ga daga inda ƙwai ke farawa. Daga ƙusa zuwa tsaga kamu ɗaya ne, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa.

Kifin da Auta ya kawo da safen yana cikin daro. Ta ɗauko shi ta sa bakinsa a ƙusa. Wutsiyar ta tsaya a ɗan gaban rabi. Ta ja shi, ta miƙar da shi, kamar hakan zai ƙara masa tsawo. Sannan ta farke shi, sai ga ƙwai, ɗan kaɗan, bai fi cikin cokali ba. Na zamanin Tsohuwa sai ta sa hannu biyu take kwashewa.

Ranar ba wanda ya ji bakinta, har matan rumfa suka fara tambayar ko ba ta da lafiya. Tana aiki tana juya abin a ranta. Ashe kifin bai girma ba, sauri yake yi. Duk wanda ya tsaya ya girma raga ta riga ta kwashe shi, waɗanda suka rage su ne masu gaggawar yin ƙwai tun suna ƙanana, kamar kuɓewar da ruwa ya ɗauke wa, ta yi fure tun ba ta kai gwiwa ba. Su kuma suna haifar irinsu. Raga na ragewa, kifi na ragewa ya bi ta, ita kuma tana zaune a tsakiya tana ɗauraye wuƙa. Ba ta taɓa faɗin abin da ba ta gani ba, wannan gaskiya ne. Amma duk matakin da aka sauka, da hannunta aka sauka. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, kuma babu wanda za ta zaga.

Da la'asar ta yafa gyale ta tafi gidan Auta. Ta same shi a inuwar katanga yana ɗaura dalma a gindin sabuwar ragar, ya shimfiɗa ta tun daga ƙofar gida har bakin madafa. Aikin ya yi kyau, ƙulli ɗaya bai fi ɗaya ba, sai da ta ji kamar ta juya ta koma. Ta zauna ta faɗa masa komai, ƙusa da tsaga da cikin cokali. Ta roƙe shi ya ɗage Asabar ɗin, ko ya warware ya ƙara idon.

Ya cire tabarau ya murza idonsa. “Yaya, ƙa'ida ƙwai ta ce. Ba ta ce katako ba.”

“Na sani.”

“Wata uku na yi a kan ragar nan. Kin ga abin da nake kawowa gida. Da ta wani ce da kin wanke wuƙa, kamar yadda kika yi wa kowa.”

Ta ce haka ne, da makon jiya ne ma da ta wanke masa. Ya ce to ta ɗauka makon jiya ake ciki, ya mayar da tabarau ya ci gaba da ɗaurinsa. Ta tashi ba ta sha ruwan da matarsa ta kawo ba.

Ranar Asabar rumfa ta cika. Shugaban masunta, wani dogon dattijo mai sanda, ya zauna a kan kifaffen kwando inda ya saba. Auta ya dire kwandonsa, cike taf, mutane suka fara murmushi, don an daɗe ba a ga kamu irin wannan ba. Da yawa cikinsu sun riga sun sayi zare, jira kawai suke a yarda su fara saƙa irinta. Mai Wuƙa ta tsinci goma, ta farke su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga kowanne a gani. Takwas na da ƙwai. Wani ya ce Alhamdulillahi, Auta ya sauke ajiyar zuciya, kowa ya zuba wa daron ido.

Ta jera kifin a kan katako, bakin na farko a jikin ƙusa. Ta sa yatsa a kan tsagar.

“Akwai ƙwai, kun gani, ban ɓoye ba,” ta ce. “Amma a nan Tsohuwa ta bar shi. Ku dubi inda na kawo muku shi. Ni na yarda da yatsa uku, ni na yarda da biyu, ina cewa sun girma. Ba su girma ba. In na wanke wuƙar nan yau, baɗi za ku kawo mini kamar yatsana, shi ma da ƙwai.”

Ta ajiye wuƙar a kan katako da jininta.

Rumfa ta kaure da surutu. Wasu suka ce ƙa'ida ce ƙa'ida, tsufa ne ya fara taɓa ta. Wasu suka ce ko su sun bari, manyan jiragen ba za su bari ba, to wa aka yi wa? Mai Wuƙa ta faɗa musu wannan kam ita ma ba ta sani ba. Shugaban masunta ya taso da ƙyar, ya sunkuya ya sa hannunsa daga ƙusa zuwa tsaga. Yana yaro shi ma ya sha kawo wa Tsohuwa kwando. Ya daɗe a sunkuye, sannan ya ce wuƙar da aka yarda da ita shekara talatin tana wankuwa, dole a yarda da ita ranar da ba ta wanku ba. A rataye ragar.

Auta ya sunkuya. Ya ɗauki kwandonsa ya bi ta tsakiyar mutane ya fita, bai dubi inda take ba.

Washegari ba a ɗora kifi a katakonta ba. Ta ce wa matan rumfa dama ta gaji da cin abu ɗaya kullum, suka bar ta da maganarta. Kwana goma, kwana ashirin. Yakan wuce ta bakin rumfa da tsohuwar ragarsa a kafaɗa, kansa a gaba. Ta ga rigarsa ta yage a hammata, faɗan ya zo mata har baki, ta haɗiye. Matarsa na gaishe ta in sun haɗu a hanya, gaisuwa a taƙaice. Abin ya ci ta ƙwarai. Shi kaɗai ya rage mata a cikin waɗanda suka san ta tana yarinya a gidan nan, kuma ta san a tukunyar gidansa ake jin hukuncin da ta yanke. Wasu ranakun takan tambayi kanta ko da ta bar katakon yadda yake a kife. Teku kuwa ba ta nuna ta san an yi mata wani alheri ba, mai-ƙaya da yauƙi suka ci gaba da cika kwanduna.

A rana ta arba'in da uku, tana sunkuye tana wasa wuƙa, ta ga ƙafafun da ta sani sun tsaya a gabanta. Ba ta ɗago ba. Auta ya tsuguna, ya ajiye jan-baki a kan katako, amma bai wuce ba yadda ya saba. Da hannunsa ya tura bakin kifin ya taɓa ƙusa, ya miƙar da wutsiyar. Sauran yatsa huɗu ta kai tsagar.

“Wannan shi ne babba a duk abin da aka kamo yau,” ya ce. “Na bi kwale-kwale goma sha ɗaya ina dubawa. Kwana arba'in ina neman wanda zai kai, in kawo miki in ce ga shi.”

Ya sa babban yatsansa a cikin tsagar yana shafawa.

“Yaya, lokacin da Tsohuwa ta yi wannan, ina ina?”

“Kana bayana,” ta ce.

Ya daɗe yana kallon tazarar da ke tsakanin wutsiya da tsaga. Ita kuma ta jawo kifin ta fara kankarewa, don idonta ya ciko kuma ba ta son matan rumfa su gani. Ta ce masa ya cire rigar nan ya ba ta, ba zai ci gaba da yawo a gari haka ba kamar marar 'yan'uwa. Ya cire ya miƙa mata, ya jawo kwando ya zauna yana jira.